Naira 70,000 ɗin nan, hannun wa ta shiga?

Alhaji na Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i na faɗi wata magana a majalisarmu aka yi mini caa, to bari in maimaita ta a nan kowa ya ji. Ƙarin albashi ba ya fitar da talaka daga wahala. Ranar da aka sanar da ƙari, kafin kuɗin su shiga aljihun ma'aikaci, mai shinkafa da mai gidan haya da ɗan adaidaita sun riga sun kasafta su. Mun ji labarin Udoji a bakin iyayenmu. A 1974, zamanin Gowon, aka yi wa ma'aikata ƙari har da ariyas, kowa ya ruga kasuwa sayen rediyo da babur, kaya suka yi tashin gwauron zabi. An yi mafi ƙarancin albashi na 18,000 a 2011, an yi 30,000 a 2019, ga 70,000 yanzu. Wa kuka taɓa jin ya ce ta ishe shi? Gwamnati ta sauko da mai da abinci, ta ƙyale albashi inda yake.

Ɗan Ƙwadago: Wa alaikumus salam. Alhaji, ranka ya daɗe, duba mana wanne ya riga wanne. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin mako guda. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Sai ƙarshen Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu a kan 70,000. Wata 14 ke nan ma'aikaci yana sayen kaya da sabon farashi, yana karɓar tsohon albashi. Kafin a sa hannun ma, alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. To wane ƙarin albashi ne ya jawo wannan? Tsada ce ta yi gaba, albashi yana bin ta a guje bai kamo ta ba.

Ga wani lissafi kuma. Naira 125 da Shagari ya amince da ita a 1981, bayan yajin aikin su Hassan Sunmonu, shugaban ƙungiyar ƙwadago na lokacin, ta kai kimanin dala 200 a lokacin. 30,000 ta Buhari wajen dala 80 ce. Wannan 70,000 ranar da aka sa mata hannu ko dala 50 ba ta cika ba. Sifili ne ke ƙaruwa a takarda, mudu yana raguwa a gida.

Alhaji na Kwari: Ai ka ƙara mini hujja ne ɗana. Tunda kullum ana ƙarawa kullum tana raguwa, ashe ba nan ciwon yake ba.

Maman Hanifa: Ku yi haƙuri in shigo muku. Kuna ta ja-in-ja a kan 70,000, ni ko ƙamshinta ban ji ba. Ina da NCE, shekarata shida ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, aji uku na firamare, yara 42. Albashina 25,000. Ba alat ba ne ma, a ambulan ake miƙo mana, wani lokaci sai 8 ga wata, wani lokaci 12. In ka makara da minti goma a cire 500. Dogon hutu babu ko sisi, wai ba mu yi aiki ba, alhali an karɓi kuɗin makaranta an ƙara wa iyaye kuɗin zango har sau biyu. Daga gidanmu adaidaita biyu nake hawa. Na zauna na yi lissafi a bayan littafin darasi, na ga kuɗin mota kaɗai yana cinye fiye da rabi. Yanzu da safe nake hawa, in an tashi in tako rabin hanya da ƙafa, da jakar littattafan yara da zan yi makin a gida. Alhaji, in an ƙara mini 20,000 wace kasuwa ce za ta tashi?

Baban Sadiq: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo mafita. Ni gadi nake yi, 7 na yamma zuwa 7 na safe, kwana shida a mako. Wani kamfanin tsaro ne ya ɗauke mu ya kai mu gadin wata ma'aikata. Rannan an aike ni ofis in kai saƙo, takardar biyan kuɗi tana kan tebur, ido ba mudu ba amma ya san ƙima. Abin da ma'aikatar ke biya a kan kowane mai gadi ya ninka abin da ake ba ni fiye da sau biyu. Ni 30,000 ke zuwa hannuna. Kakin da ke jikina ma a albashi aka cire kuɗinsa, wata uku ana yanka. Tocila ni na saya, maganin sauro ni nake saye. Wato kuɗin an riga an fitar da su, a hanya suke maƙalewa. Wannan ba ruwansa da tsadar shinkafa.

Barista: Bari in faɗi abin da doka ta ce, don na ga ana ta magana kamar 70,000 ta hau kan kowa. Dokar mafi ƙarancin albashi ta tsame wasu da kanta: duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin sa'o'i kaɗan, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin lokaci-lokaci irin na gona. Gyaran 2024 kuɗin ya ƙara, ya kuma rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku, bai rufe waɗannan ƙofofin ba. Ku ɗora a kan haka cewa hukumar ƙididdiga ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba su cikin aikin da ke da rajista da takarda. Ɗan dako a Singa, yarinyar aikatau, mai wanke kwanuka a gidan abinci, yaron shago, babu wanda dokar ta san da zamansa.

Amma Baban Sadiq, kai ta san da kai. Kamfanin tsaron da ke da masu gadi sama da 25 ba shi da hurumin biyanka 30,000. Kuma dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa. Shi ya sa za ka ga a wasu masana'antu ana sallamar leburori kafin wata ukun ya cika, bayan mako biyu a sake ɗaukar su a matsayin sababbi.

Baban Sadiq: Barista, shekarata huɗu, takardar da na taɓa sa wa hannu ɗaya ce, ta cewa in wani abu ya ɓace ni zan biya.

Alhaji na Kwari: To alhamdu lillahi, doka ma ta san shago ba ma'aikata ba ne. Yara uku ne a wurina. In aka ce dole in ba kowa 70,000, wallahi biyu gida za su koma, in zauna da ɗaya da ɗana. Sannan ku 'yan boko ba ku san tsarinmu ba. Yaro a shagona karin kumallo nawa ne, abincin rana nawa ne, kuɗin mota kullum, ɗinkin sallah, in ba shi da lafiya ni ne, in aure ya zo ni ne uban. In ya yi shekarunsa a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Ni kaina haka aka yi mini, shekara tara ina ɗaukar dila a ka. Wane ma'aikacin gwamnati ne aka taɓa ba jari?

Auta: Baba Alhaji, a Amurka an gwada wannan zancen na cewa ƙarin albashi yana korar ma'aikata. A 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin lada daga dala 4.25 zuwa 5.05 a sa'a, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka bi gidajen abinci na ɓangarorin biyu suka ƙirga ma'aikata, ba su ga aiki ya ragu a New Jersey ba. Card har kyautar Nobel ya samu a 2021.

Alhaji na Kwari: Auta, Allah ya ƙara ilimi. Su a can suna sayen dizal don su kunna fanka? Ka je ka gaya wa Baturen ya zo Kwari ya ƙirga.

Tsohon Yaron Shago: Alhaji, da girman kujerarka, kai mai tsoron Allah ne, kuma maigidanka ma ya kasance haka. Amma ba kowa ba. Ni shekara bakwai na yi wa wani. Buɗe shago ni, rufewa ni, kai kaya tasha ni, har cefanen gidansa da kai yara islamiyya. Kullum maganarsa ɗaya: ka yi haƙuri, lokacinka na zuwa. Da na fara zancen aure, aka wayi gari wai atamfa turmi goma ta ɓace. Ba a kai ni wurin 'yan sanda ba, ba a kira shaida ba, cewa kawai aka yi in je in huta. Na fita da 15,000 da wayata. Da albashi ake ba ni ko na 40,000 ne, da na san abin da na tara. Sallama alkawari ce ta baka, ranar da maigida ya ga dama ya cika, ranar da bai ga dama ba, kai ɓarawo ne.

Malam Liman: Innalillahi. Allah ya saka maka. Jama'a, kafin dokar Abuja akwai wadda ta riga ta. Hadisin Ibn Majah kowa ya haddace shi, a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Akwai kuma wanda ya fi shi tsanani a Bukhari, inda Allah ya ce mutum uku shi ne abokin shari'arsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi lada. Sannan Alhaji, malaman fiƙihu sun shar'anta cewa a ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, sai an san ladan, an san wa'adi ko aikin. "Lokacinka na zuwa" ba wa'adi ba ne. Ciyarwa da ɗinkin sallah alheri ne, Allah ya ba da lada, amma a zauna da waliyyin yaro a ce shekara kaza, jari kaza, a rubuta, a sa shaidu.

Alhaji na Kwari: Allah gafarta Malam, wannan na karɓa. Amma ka lura ba ka ce 70,000 ba.

Malam Liman: Ban ce ba. Ban kuma ce 15,000 bayan shekara bakwai ba.

Ɗan Ƙwadago: Ni ma 70,000 ba ita muka nema ba. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, da 615,000 suka fara, aka sauko 494,000, aka sauko 250,000, gwamnati ta faro daga 48,000. Abin da aka tsaya a kai sulhu ne, ba lissafin cefane ba. Lokacin da aka fara biya, buhun shinkafa ɗaya ya fi albashin. Kano ta ce 71,000, Legas ta ce 85,000, duk dai a gindi ɗaya suke. Akwai bambanci tsakanin mafi ƙarancin albashi da albashin rufin asiri, wanda ake lissafa haya da abinci da mota da magani da makarantar yara sannan a yanke. A gabashin Landan a 2001 masu shara da goge-goge suka fara wannan fafutukar tare da majami'u da masallatai da ƙungiyoyin unguwa. Dabararsu ita ce ta dace da Baban Sadiq: ba su tsaya kan ɗan kwangilar da ya ɗauke su ba, suka je wurin bankuna da asibitocin da suke sharewa suka ce ku ne masu ginin, ku sa sharaɗi a kwangilar.

Maman Hanifa: Yaya, tunda ka kawo ƙungiya bari in faɗa maka gaskiya. Ranar 3 ga Yuni 2024 da kuka kashe wutar ƙasa gaba ɗaya kuka rufe filayen jirgi, ni ina aji, cikin zafi, don mai makaranta ya ce duk wadda ba ta zo ba ta nemi wani wurin. Kun ci nasara, ma'aikatan gwamnati sun samu, mai gidan hayarmu ya ji a rediyo ya ƙara mana haya. A nan kam maganar Alhaji ta taɓa ni. Sau nawa ƙungiya ta taka ƙafa ta shiga makarantar kuɗi ta tambayi nawa ake biyanmu?

Ɗan Ƙwadago: Ba zan yi miki musu ba Malama, nan ne raunin mu. Ƙungiya tana da ƙarfi inda ake cire mata kuɗin wata daga albashi, wato gwamnati da manyan kamfanoni. Ko a can ma ba a samu a ruwan sanyi ba, malaman firamare na Abuja sai da suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan 70,000 ɗin. Amma ku nawa ne a makarantarku?

Maman Hanifa: Da masu shara da direba da mai gadi mu 31 ne.

Barista: To kun haura 25, doka ta hau kansa. Kotun ma'aikata tana da reshe a nan Kano. Ki tattaro takardar ɗaukar aiki da takardun albashi na wata shida.

Maman Hanifa: Barista, ambulan na ce maka. Farar ambulan, da sunana da biro a baya. Littafin da muke sa hannu yana ofishinsa. Kuma ranar da ya ji na je kotu, akwai masu digiri goma da takardunsu ke cikin durowarsa suna jiran kujerata.

Alhaji na Kwari: Kun ji ko? Aiki ne babu, shi ya sa lada ya faɗi. Ni dai ina nan a kan bakana. Amma Malam, ranar Juma'a bayan an sauko ka biyo ta shago, zan kira iyayen yaran nan uku a rubuta takardar.

Tsohon Yaron Shago: A sa har da abin da za a ba shi in an rabu kafin wa'adi, Alhaji.

Baban Sadiq: Barista, zan kira ka gobe in na sauka. Mu 12 ne a wurinmu, zan ji ko mutum nawa za su yarda su sa hannu. Yanzu shida da rabi ta wuce, kuma in na makara ni ma 1,000 ake cirewa.