Karnel ɗina na jan ƙafa wajen sauya teburin shafuka

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa, ina rubuta ƙaramin karnel (wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) na furosesa nau'in x86 don aikin ƙarshen shekara a jami'a nan Damagaram. Duk shafin (wato yankin memori) da na cire daga teburin da ke nuna inda kowane shafi yake, sai na kira invlpg, umarnin da ke goge bayanin shafin daga TLB (ƙaramar ma'ajiyar adireshin shafuka a cikin furosesa), kwamfutar ta yi nauyi sosai, abin ya hana ni barci wallahi. Ina mafita?

Malam Sabongari: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba invlpg kaɗai ba ne, in furosesa na da cibiya (core, sashen da ke gudanar da aiki) da yawa duk sauyi sai ka aika wa sauran IPI (saƙon katsewa tsakanin cibiyoyi) su goge TLB ɗinsu kai kuma kana tsaye kana jiran amsa, nan lokacin ke tafiya. Tara sauye-sauyen ka goge sau ɗaya, haka karnel ɗin Linux ke yi da tsarinsa na tarawa mai suna mmu_gather. Amma fa kar ka saki shafin kafin gogewar ta kammala, wata cibiyar na iya rubutu cikinsa.

Hajiya Kod: Ƙari kan maganar Malam, a Linux in shafukan sun wuce 33 TLB ɗin gaba ɗaya ake gogewa, ba shafi-shafi ba. Gwada manyan shafuka ma, na 2MB guda yana maye ƙanana 512.

Ɗan Birni: Allah ya saka da alheri, cibiya huɗu gare ni, daren nan zan gwada tarawar.