Na yi setin tafet da kaina a gida, ƙara ta ƙaru maimakon ta ragu

Mai CG:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin inji ku taimaka min. Babur ɗina Honda CG 125 ne, ya kwana biyu yana min kas-kas a saman inji musamman in yana sulo. Jiya da yamma bayan na dawo daga kasuwa na buɗe murfin sama, na juya maganeto har alamar T ta zo daidai da layin, na saita tafet, wato ɗan gibin da ke tsakanin kan bawul biyun da roka mai danna su, na auna da reza kamar yadda na ga ana yi a gareji, na ɗaure na tayar, wallahi ƙarar sai ta ninka ta da kamar keken ɗinki, kuma ba ya ja kamar da. Me na ɓata? Ko kawai in matse su har ƙarar ta ɗauke? Da shi nake neman abinci shi ya sa hankalina ya tashi.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kwantar da hankalinka ba ka lalata komai ba, amma kar ka ci gaba da hawa a haka. Alamar T ɗin nan sau biyu take zuwa kafin injin ya gama aiki ɗaya, domin sai karanshaf ya zaga sau 2 sannan kamshaf mai buɗe bawul yake zagawa sau 1. A zuwa ɗaya fistin yana sama bawul duka a rufe, nan ne ake seti. A ɗaya zuwan kuma fistin yana sama ɗin dai amma bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba na shan mai ya fara buɗewa, in ka saita a nan to da injin ya juya gibin zai zama ƙato, kuma daga bayaninka ina ganin nan ka faɗa.

Ka cire fulogi don injin ya yi sauƙin juyawa, ka juya maganeto ta hagu, wato saɓanin tafiyar agogo, idonka a kan bawul ɗin ɓangaren kafireto. Ka ga ya nutse ya dawo sama, to T ɗin da za ta zo bayan nan ita ce taka. Ka kama rokan biyu da yatsa ka girgiza, dole kowanne ya ɗan yi motsi.

Sannan ka ce da yamma bayan ka dawo kasuwa, kenan da zafinsa ka yi. Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake, awon ba zai fito daidai ba. Ka bar shi ya kwana ka yi da sassafe. CG 125 gibinsa 0.08 mm ne duka biyun.

Ɗan Acaɓa:
Maganar matsewa har ƙara ta ɗauke don Allah ka cire ta a ranka. Ni an taɓa min haka a wani gareji, na ji inji ya yi tsit na ji daɗi har na ƙara wa yaron kuɗi, bayan 'yan kwanaki in ya ɗau zafi sai ya riƙa mutuwa a sulo, in yi ta kik kamar zan karya ƙafa, ƙarshe da aka buɗe bawul ɗin salansa ya ƙone gefe guda sai da na sayi sabo da gaskit aka yi girandin. Bawul sai ya zauna daram a mazauninsa yake sauke zafinsa, in babu gibi ba ya rufewa duka, wuta ta riƙa bi ta gefe tana cinsa. 'Yar ƙara kaɗan ta fi min wannan shirun sau dubu.

Tsohon Bakanike:
Gaskiya ka faɗa. Na manta zancen reza, kaurinta wajen 0.10 mm ne, ta ɗan fi abin da ake so kuma kowace da nata. Ka sayi fila geji, wato siraran ƙarafan auna gibi, a wajen masu sifaya fat, ba shi da tsada. Ya riƙa shiga yana fita da ɗan kamu kaɗan, ba sai ka danna da ƙarfi ba. Wajen ɗaure noti ka riƙe kan sukurun sosai don yana son ya bi notin ya juya, in ka ɗaure ka sake zura gejin ka ji, nan mafi yawa suke kuskure. Masu wani babur daban kuma kar ku ɗauki 0.08 ɗin nan, kowa ya duba littafin nasa. Jincheng AX100 ma ba shi da tafet sam, tu-sitirok ne.

Mai CG:
Allah ya saka da alheri baba. Yau bayan asuba na sake, ashe kuwa a T ɗin da ba ita ba na yi, da na zo daidai wajen har reza biyu suna shiga. Na aro geji na sa 0.08, kik ɗaya ya tashi, ƙarar ta koma 'yar kaɗan. Saura gaskit ɗin murfi na ga yana ɗan tsatsar da baƙin mai, shi ma canjawa zan yi ko a shafa gam ya isa?