Madannai da fitilun allon injin CNC: yaya zan ja wayoyinsu?

Sani Kafinta, Kaduna:
Assalamu alaikum injiniyoyi. Na haɗa injin CNC, wato mai yanka bisa umarnin kwamfuta, na sassaƙa ƙofofi a shagona, ƙarafunan ma a Panteka na samo su. Ƙaramin allon lantarki Arduino Uno ke jan sa da manhajar GRBL 1.1, sifindil ɗin (moton da ke juya bakin yanka) mai 1.5kW ne da VFD ɗinsa, wato na'urar da ke daidaita gudunsa. Yana yanka lafiya lau, sai dai komai sai na koma kan kwamfuta, ga hannu duk ƙurar katako. Shi ya sa na ƙera ɗan allo a gaban injin, na sa madannai uku: farawa a ƙafar Arduino ta A2, dakatarwa a A1, sokewa a A0, kowanne ɗaya ƙafarsa tana GND, wato nagatib ɗin Arduino. Wayar ta kai mita 2. In sifindil a kashe yake babu matsala, amma da ya tashi sai injin ya riƙa tsayawa da kansa kamar an danna dakatarwa.

Sannan na sayi fitilu masu 22mm, kore da ja da rawaya, 24V aka rubuta a jikinsu. A wace ƙafa zan ɗora su? Akwai kuma faifan madannai 4x4 mai waya 8 da nake so in riƙa motsa X, Y, Z da shi.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ƙafafun da ka zaɓa daidai ne, VFD ɗinka ne ke shigo maka da hayaniyar wuta. Abin da ke riƙe A1 a kan 5V resista ce ta cikin ATmega328P, wato cif ɗin Arduino, tsakanin 20k da 50k, ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Doguwar wayarka ta zama eriya, duk abin da VFD ya watso sai ta kwashe.

Ka fara da raba hanya: kada wayar madannai ta bi bututu ɗaya da ta sifindil, in dole su haɗu su gitta juna kawai. Ka sa resista 4.7k daga A1 zuwa 5V, da kafasita 100nF daga A1 zuwa GND, dab da Arduino. Haka A0 da A2. Amma ni abin da na fi yarda da shi PC817 ne, ɗan cif mai ƙafa huɗu da ke wuce da saƙo ta haske, ya raba wayar madanni da Arduino. 24V ta bi ta madanni, ta ratsa resista 2.2k zuwa ƙafa ta 1 ta PC817, ƙafa ta 2 ta koma nagatib ɗin 24V, ta 4 zuwa A1, ta 3 zuwa GND na Arduino. Hayaniyar da ke ruɗa 5V da wuya ta kunna wannan. Ka kuma duba ko shagon yana da atin na gaske, wato wayar da ke shiga ƙasa, don shaguna da yawa ramin soket ɗin ne kawai, babu komai a bayansa.

Maryam Zariya:
Malam, don Allah kada ka ɗora fitilun nan a kan Arduino. Ƙafarsa 5V take bayarwa, kuma bai kamata a ja fiye da 20mA ba. GRBL ɗin Uno ma ba shi da ƙafar da ke nuna halin da injin yake ciki. Ka ɗauki koren daga 24V kai tsaye, rawaya daga rilen da ke cikin VFD bayan ka saita shi ya rufe idan sifindil na juyawa.

Faifan 4x4 kuwa babu wurinsa a Uno, ƙafafu sun ƙare. Ka samo Arduino Pro Micro, kwamfuta tana ganinsa a matsayin kibod ta USB. Sai ka ba kowane madanni aikinsa a cikin Universal Gcode Sender, manhajar kwamfuta da ke aika wa injin umarni.

Baba Isa Mai Wayarin:
Ɗana, ban ji ka ambaci jan madannin gaggawa ba, kuma shi ya fi damuna. A0 roƙon manhaja kake yi ta tsaya, in ta daskare fa? Ka sa mai kan lema, ɓangaren NC ɗinsa (mai zama a haɗe sai an danna) ya yanke koyil ɗin kontakta, wato babban rilen da ke ba injin wuta, ɓangaren NO (mai zama a buɗe sai an danna) ya kunna maka jar fitila. Kontaktar ta zama mai riƙe kanta, wato sai an danna koren madanninta na kunnawa take kamawa. Ka san halin wutarmu: a ɗauke, kai ko yaron shago ya sa hannu zai canza bakin yanka, a dawo da ita babu sallama. Yatsa ba ya tsirowa.

Sani Kafinta, Kaduna:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baba, kontaktar tsakanin VFD da sifindil zan sa ta?

Baba Isa Mai Wayarin:
A'a ɗana, a gaban VFD za ka sa ta, ta inda wuta ke shiga. In ka yanke tsakaninsa da moto yana cikin gudu kana iya ƙona VFD ɗin. Wutar 24V ta fitilu kuma ka ɗauko ta kafin kontakta, in ba haka ba jar fitilar za ta mutu tare da injin. Koriyar fitilar sai ta bi ta ƙaramin kontak ɗin NO na kontaktar.