Sun auna gonata da waya, ni ko kwafin taswirar ba su ba ni ba

Manomin Kadawa:
Assalamu alaikum. Bara da rani samari biyu suka zo daga wani kamfanin rancen taki. Muka bi iyakar gonar shinkafata da waya a hannu, daga bakin kwalbati har gindin darbejiya, wayar ta ce eka biyu da kwata. Suka ɗauki hotona, suka karɓi NIN da BVN, suka tambayi buhu nawa na samu a shekara uku. Na dangwala. Taki dai bai zo ba. Amma tun kaka ake ta kirana, masu iri, masu maganin feshi, har wani dillalin shanshera da ya faɗi girman gonata kafin in buɗe baki. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, gonar gado ce, taswirarta tana hannunsu, ni ba ni da ita. Ina da ikon karɓowa?

Ɗalibin lauya daga Zariya:
Wa alaikumus salam, Baba. Kana da shi. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba ka damar neman kwafin abin da suka tara a kanka, ka janye amincewarka, ka ce su goge. Ka rubuta musu takarda, ka ajiye kwafi. In sun yi biris, sai hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sai dai ita dokar, mutum take karewa. Da zarar sun cire sunanka sun bar lissafin gona da buhuna, kama su zai yi wuya.

Sakataren ƙungiyar manoma:
Nan gizo ke saƙa, Malam. Lokacin GES, shirin tallafin taki na gwamnatin tarayya, a 2012, zamanin ministan noma Adesina, mun ba da suna da lambar waya, saƙo ya shigo, muka karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi. Ka bayar, ka gani a ƙasa. Yanzu wanda ya san abin da kowa ya girbe a ƙauye shi ke yanka farashi, mu kuwa kowa nasa kaɗai ya sani. A ƙungiyarmu ba wanda zai sake taka mana gona da waya sai ya rubuta wa zai ba bayanan, kuma ya bar wa kowa taswirarsa a takarda.

Mai noman rani daga Bunkure:
Ku ma da sauƙi. Ni na biya haya, ni na yi dashe, amma sunan maigidana suka saka, wai shi ke da BVN. A kwamfutarsu ban taɓa noma ko kwano ɗaya ba. Ɗan'uwa ɗalibi, wannan ana iya gyarawa?