Me ya sa gidajen abincin Girkawa a Amurka suka fi sayar da abincin Amurkawa?

Baƙon Ohio:
Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina karatu a wani ƙaramin gari a jihar Ohio, kuma kusan kowace Asabar nakan karya kumallo a wani gidan abinci irin wanda suke kira diner, mai doguwar kanta da kujeru a jere, wanda ke buɗewa tun da asuba. Iyalin da ke da wurin 'yan asalin Girka ne, har akwai hoton kakansu da ƙaramar tutar ƙasar kusa da wurin biyan kuɗi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, takardar jerin abincinsu shafi shida ce, amma biyar daga ciki soyayyen ƙwai ne da fanke da baga da dankali, sai a shafin ƙarshe ake ganin abincin Girka. Me ya kawo Girkawa wannan sana'a a garuruwan da ba su da jama'arsu, kuma me ya sa suka tura girkin gidansu baya?

Malam Mai Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba Girkawa ne suka ƙirƙiro diner ba. Ana danganta asalinsa da Walter Scott, wanda a 1872 ya fara sayar wa ma'aikatan dare abinci daga keken doki a birnin Providence. Girkawa sun zo daga baya, kuma zabibi ne ya koro da yawansu. Manoman yankin Peloponnese na kudancin Girka sun dogara ga sayar wa Faransa zabibi a lokacin da wani ƙwaro ya cinye gonakin inabinta, to da gonakin suka farfaɗo sai Faransa ta ɗora haraji mai nauyi, farashi ya karye, kuma a 1893 gwamnatin Girka kanta ta bayyana cewa ba ta iya biyan bashi. Daga nan zuwa 1924 Girkawa kimanin 400,000 suka tsallaka Amurka, yawancinsu samari marasa aure waɗanda ba su jin Turanci.

Wanda bai iya harshe ba, aikin da ya fi saurin samu shi ne wanke-wanke ko goge takalma ko tallan 'ya'yan itace. Yaro yakan fara da wanke kwanuka a wurin kawunsa, ya koma gaban murhu, ya tara ɗan jari, sannan ya nemi garin da ke da masana'anta ko tashar jirgin ƙasa amma babu gidan abinci, ya buɗe nasa, ya aika ƙauye a turo masa ƙane. Masu cin abincinsa kuwa leburori ne da direbobi, ba su san cukun feta ba kuma ba su nema, don haka ya dafa musu abin da suka saba. Akwai kuma tsoro. A Fabrairun 1909 an kai wa unguwar Girkawa hari a Kudancin Omaha har suka bar garin, kuma ƙungiyarsu ta AHEPA an kafa ta ne a Atlanta a 1922 saboda tsangwamar ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai rataya sunan ƙauyensu a ƙofar shago ba, shi ya sa da yawa suka zaɓi sunaye na Amurka zalla.

Hajiyar Birmingham:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan kawo misali daga kusa da inda nake zaune. A garin Bessemer na jihar Alabama, wanda aka kafa a 1887 don aikin ƙarfe, akwai gidan abinci mai suna Bright Star. Tom Bonduris, ɗan ƙauyen Peleta na Girka, ya buɗe shi a 1907 a matsayin ƙaramin wuri mai kujeru 25, sannan danginsa Bill da Pete Koikos suka shiga cikin mallakarsa a shekarun 1920, daga baya 'ya'yan Bill, wato Jimmy da Nick, suka karɓa. A 2010 Gidauniyar James Beard ta karrama shi cikin fitattun tsofaffin gidajen abincin ƙasar. Idan mutum ya shiga zai tarar da abincin Kudancin Amurka, kamar kuɓewa da ganye da miyar gambo, amma kifin da ya yi suna da shi ana gasa shi ne da man zaitun da lemun tsami da ganyen oregano. A ganina girkin Girka bai taɓa ɓacewa daga irin waɗannan wurare ba, ya shige ne cikin abincin garin ta hanyar kayan haɗi.

Direban Tirela:
Na yarda da Hajiya, kuma Baƙo yana da hujja a jiharsa. Miyar naman da ake zuba wa taliya a Cincinnati, mai ƙamshin kirfa da kanumfari, 'yan'uwa biyu daga Masedoniya masu suna Kiradjieff ne suka fara ta a 1922, sannan Nicholas Lambrinides na garin Kastoria na Girka ya buɗe gidan abinci mai suna Skyline a 1949. Mutanen Ohio suna ɗaukarta tasu ce ta gado.

Amma Malam bai taɓo shafin ƙarshen ba. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ta rage adadin Girkawan da ake karɓa zuwa 'yan ɗaruruwa a shekara, sai dokar 1965 ta sake buɗe ƙofa, kuma mulkin soja na 1967 zuwa 1974 a Girka ya ƙara tura mutane waje. Waɗannan sababbin zuwa sun sayi tsofaffin wuraren a lokacin da Amurkawa suka fara sha'awar abincin baƙi, shi ya sa musaka (gasasshen gauta da niƙaƙƙen nama) da fanken alayyafo da cuku suka samu gurbi. Shi kuwa gyro, ɗan'uwan shawarma, a shekarun 1970 kamfanonin Chicago suka fara sarrafa namansa da yawa suna rarrabawa. A Amurka galibi naman sa ne da na rago, a Girka kuwa alade ya fi yawa, saboda haka ka tambaya kafin ka ci, musamman tsiren da suke kira suvlaki.

Baƙon Ohio:
Na gode muku ƙwarai. Jiya na tambayi matar da ke karɓar kuɗi, ta ce mahaifinta ya sayi wurin ne daga hannun kawunsa, kuma mahaifiyarta ce ta matsa aka ƙara shafin ƙarshen, domin tun farko abincin da ke cikinsa na ma'aikata ne, wanda suke ci a bayan kicin bayan an rufe ƙofa.