Me ya sa harsashin bindiga mai dogon baki ya fi na mai gajere rashin gudu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ya ɗaure min kai, ina neman wanda ya san harkar harbi ya warware min.

A Riyad nake, kuma duk ranar Juma'a da yamma nakan je filin koyon harbi mai lasisi, inda ake ba da hayar bindiga. Akwai libarba biyu da nake ɗauka, duka masu cin harsashi samfurin .357 Magnum, ɗaya bakinta inci 4, ɗayar inci 6. Abin da na sani shi ne, idan baki ya yi tsawo, hayaƙin albarushi ya fi daɗewa yana tura harsashi, gudu ya ƙaru. To amma da muka gwada da na'urar auna gudu, da harsashi kwali ɗaya mai nauyin giren 158 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), sai mai inci 6 ta zo ƙasa da mai inci 4. Sau uku muna maimaitawa, haka dai.

Wani dattijo Bakano da muke zuwa tare ya ce in duba tazarar da ke tsakanin tulun harsashi (ma'ajin harsasai mai juyawa) da gindin bakin bindigar, domin ta nan hayaƙi ke tserewa, kuma mai inci 6 ɗin ta tsufa. Ni kuma ina zargin zafi, tunda albarushi kan ƙara ƙarfi a rana, kuma kullum da mai inci 6 ɗin nake farawa kafin harsasan su ɗumama a mota.

Wanne ne ya fi yiwuwa? Kuma ta yaya zan bambance su ba tare da na taɓa bindigar mutane ba?