Neman shawara: maƙwabta sun fara zargin eriyar ƙungiyarmu a Agege

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiya ta masu sha'awar sadarwar rediyo a Agege, kuma muna haɗuwa ranar Lahadi bayan La'asar a ɗakin da wani ɗan'uwa yake haya a saman bene. Mun ja wayar eriya mai tsawon kusan mita 10 daga rufin benen zuwa wata bishiya domin zangon rediyo da ake kira na mita 20, wanda da shi muke jin Turai da Afirka ta Kudu idan yanayi ya yi kyau. Tun daga lokacin mai gidan ya ce eriyar za ta jawo masa aradu, wasu maƙwabta kuma suna raɗe-raɗin cewa ba a san da wa muke magana ba, musamman da suka ga samarinmu da oba-oba a hannu. Har ila yau, 'yan kasuwa biyu daga kasuwar Mile 12 sun nemi shiga, da sharaɗin a bar su su riƙa tambayar farashin tumatir da albasa daga Arewa. Shin mu sauke eriyar mu nemi wani wuri, ko akwai hanyar da za a bi?

Amsar wani dattijo daga Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ku sauke eriya, amma ku daina ganin laifin maƙwabta. A halin tsaron da ƙasar nan take ciki, duk wanda ya ga baƙi suna taruwa a ɗaki suna magana da na'ura cikin haruffa da lambobi yana da hujjar yin tambaya. Abin da bai fito a bayaninka ba shi ne lasisi, alhali shi ne tushen maganar. Dokar Najeriya, tun daga dokar sadarwa mara waya ta 1961, ba ta yarda mutum ya aika saƙo ta iska ba tare da izini ba, kuma mai izini ne kaɗai yake da lambar kira, wato haruffa da lambobin da ake gane tasharsa da su a iska, wadda a nan take farawa da 5N, kamar yadda ta Nijar take farawa da 5U, ta Ghana kuma da 9G. Wanda bai samu ba tukuna ya zauna ya saurara, ya koya.

Idan takardunku sun cika, ku ɗauki kwafinsu da littafin da kuke rubuta kowace tuntuɓa, da ranarta da lokacinta da zangonta, ku je wurin Sarkin Hausawa, ku roƙi ya haɗa ku da wanda zai raka ku wurin Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugabannin masu gidaje na layin, daga nan kuma ofishin 'yan sanda na yankinku. Ku riga mai ƙorafi zuwa. Bayan haka ku gayyaci mai gidan ranar Lahadi, ku ba shi kujera kusa da na'urar, ku bar shi ya ji muryar wani daga Italiya tana ambaton lambarku. Mutanenmu ba baƙin gajeren zango ba ne, domin tun 1957 suke kama Sashen Hausa na BBC, sun san mita kaza da mita kaza. Abin da ba su sani ba shi ne ana iya mayar da magana.

Amsar wani injiniya daga Ikeja:

Na goyi bayan Baba, sai dai tsoron mai gidan ba na banza ba ne, kuma gayyata kaɗai ba za ta kawar da shi ba. Damina a Legas tana zuwa da tsawa mai ƙarfi, saboda haka ku kafa sandar tagulla a ƙasa, ku haɗa ta da waya mai kauri, sannan ku mayar da cire igiyar eriya daga na'ura al'ada a duk lokacin da kuka tashi ko hadari ya taso. Ku tabbata wayar ba ta ratsa saman wayoyin lantarki ba, ko da za ta tsinke. Ku kira mai gidan ya ga aikin da idonsa. Iskar teku kuma tana cin ƙarfe, don haka ku naɗe mahaɗan igiya da tef mai hana ruwa, ku riƙa dubawa kafin ruwa ya sauka.

Game da oba-oba, ƙananan Baofeng da ake sayarwa a kasuwa suna iya fita daga zangon masu sha'awa, wanda a yankinmu yake tsakanin megahaz 144 da 146, su faɗa kan tashoshin wasu hukumomi. Wanda ya san aiki ya saita su, kuma samari su daina yawo da su a bakin titi suna burga, domin rabin zargin daga nan yake tasowa.

Amsar wata malamar makaranta daga Obalende:

Malam Sakatare, batun 'yan kasuwa ba shi da wuyar hukunci. Ƙa'idar wannan fanni a duniya ita ce ba a yin sa domin neman kuɗi, ba a watsa shirye-shirye ga jama'a, ba a kuma ɓoye ma'anar saƙo. Farashin albasa aikin wayar salula ne. Ku faɗa musu haka cikin mutunci, ku ce ƙofa a buɗe take idan koyo ya kawo su.

Na fi so ku nemi yara. A ƙarshen mako na uku na watan Oktoba kowace shekara 'yan sikawut na duniya suna gaisawa da juna ta rediyo, kuma ranar 18 ga Afrilu ce ranar masu wannan sha'awa, tunawa da kafa ƙungiyarsu ta duniya a Paris a 1925. Ku nemi wata makaranta a unguwarku ta ba ku fili a ɗaya daga cikin ranakun, ku kafa eriya ta wucin gadi, ku gayyaci iyaye, Hausawa da Yarbawa, kuma kada a manta da 'yan mata. Idan shugaban makarantar ya gamsu, ku tambaye shi ko zai ba ku aji guda ranar Lahadi, domin filin makaranta zai ɗauki waya mai tsawon mita 20 ta zangon mita 40, wadda rufin gidan haya a Agege ba zai ɗauka ba.